Lulluɓin Haske da Mas'alar Sura: Hoton da Ba Ya Manne wa Bango

Tun daga lokacin da ɗan Adam ya fara zane har zuwa ƙarnonin baya-bayan nan, hoto da abin da ke ɗauke da shi ba su cika rabuwa ba, domin tawada tana shiga takarda, fenti yana kama bango, sassaƙa kuwa ita ce jikin itacen ko dutsen da aka sassaƙa, ta yadda duk wanda ya so kawar da hoton sai ya taɓa jikin da hoton yake zaune a kai. A kan wannan haɗuwar malaman fiƙihu suka gina mafi yawan abin da suka faɗa game da sura, wato siffar abu mai rai da hannun mutum ya ƙaga. Fasahar da za a kira lulluɓin haske a nan ta raba abubuwan biyu. Ma'anarta ita ce a harba hoto daga majigi zuwa kan abu mai tudu da kwari, kamar fuskar gini ko ginshiƙi ko mutum-mutumi, bayan an karkata hoton an yanke shi a cikin kwamfuta har kowane layi nasa ya faɗa daidai kan layin abin, sai mai kallo ya ga kamar ginin da kansa ne ya sauya launi ko ya tsage ko ya motsa. Mutanen ƙasar Hausa sun san majigi tun zamanin mulkin Turawa, lokacin da motocin gwamnati ke zagaya garuruwa suna nuna finafinan noma da kiwon lafiya a fili da dare, amma wancan majigin yana neman farin allo shimfiɗaɗɗe wanda aikinsa shi ne ya ɓace wa ido, alhali a lulluɓin haske abin da ake haskawa yana nan da siffarsa, kuma rabin abin da ake gani daga gare shi yake fitowa.

Misalin da aka fi ambata a matsayin mafarin wannan fasaha yana gidan wasan Disneyland na jihar Kalifoniya a Amurka, inda a shekarar 1969 aka buɗe wani gidan fatalwa mai ɗauke da kawunan mutum-mutumi guda 5 masu rera waƙa. An ɗauki fuskokin mawaƙa na gaske a fim, aka harba su kan waɗancan kawunan, sai leɓe ya riƙa motsi a kan jikin da ba ya motsi. A ƙarshen shekarun 1990 Ramesh Raskar da abokan aikinsa a Jami'ar North Carolina suka kafa lissafin da ke ba kwamfuta damar daidaita hoto da abu mai kauri, daga nan kuma aikin ya koma hannun kamfanoni masu manyan injuna da ke haskaka majami'u da fadoji a bukukuwa. Abin da ya sauko da shi hannun talaka shi ne fitowar Raspberry Pi a watan Fabrairu na 2012, wata kwamfuta mai falle ɗaya da wata gidauniya a birnin Kambirij na Ingila ta ƙera don koyar da yara, aka sa mata farashin dala 35. Ana ce mata mai falle ɗaya ne saboda ƙwaƙwalwar sarrafawa da ma'ajiyar wucin gadi da sashen zana hoto da dukkan ramukan haɗa wayoyi suna kan allon lantarki guda, wanda tsawonsa milimita 85 ne, faɗinsa kuma 56. Ba ta buƙatar wuta sama da bolt 5, kuma tun samfurinta na farko tana iya kunna bidiyo mai inganci ba tare da tangarɗa ba. Daga baya aka rubuta mata manhajoji na musamman, irin su ofxPiMapper wadda Krisjanis Rijnieks ɗan ƙasar Latbiya ya fara a matsayin aikin digirinsa na biyu a Helsinki ya kuma sake ta kyauta, da PocketVJ, da na'urar MiniMad ta masu manhajar MadMapper.

Wanda bai san yadda ake shirya wannan aiki ba, zai yi wuya ya yi masa hukunci mai adalci, saboda haka ya kamata a tsaya a kansa. Mataki na farko shi ne a kwafi tsarin tafiyar da kwamfutar tare da manhajar zuwa ƙaramin katin ajiya, a zura shi, a haɗa kwamfutar da majigi ta wayar HDMI, a haɗa linzami da allon maɓallai. Sai a kafa majigin a wurin da zai zauna har ƙarshen aikin, a ɗaure shi tamau, domin ko kaɗan ya gusa bayan an gama saiti to duk aikin ya lalace. Majigi yana fitar da haske ne cikin siffar murabba'i mai dogon gefe, amma idan hasken ya faɗa kan bango ta karkace sai gefen da ya fi nisa ya buɗe, na kusa ya tsuke, da'ira ta koma siffar ƙwai. Abin da manhajar ke yi shi ne ta lanƙwasa hoton tun a cikin kwamfuta ta fuskar da ta saba wa wancan karkacewar, ta yadda lanƙwasa biyun za su kashe juna a kan bangon. Mai saiti yana ƙirƙirar fili mai kusurwa 3 ko 4, ko raga mai ɗigogi da yawa idan abin yana da kumburi, sannan ya ja kowace kusurwa da linzami, idonsa a kan bangon, har ɗigon hasken ya zauna a kan kusurwar taga ko bakin ginshiƙi. Kusurwoyi 4 na shimfiɗaɗɗen fili sun isa su tsayar da lambobi 8 da lissafin ke nema, sashen zana hoto kuma yana maimaita wannan lissafin a kowane hoto da ya wuce. Bayan haka a zaɓi bidiyon da zai cika kowane fili, a yanke sashen da ake so daga cikinsa, a rufe da baƙi duk inda ba a son haske ya taɓa, a ajiye saitin, a kuma umarci kwamfutar ta riƙa tayar da manhajar da kanta duk lokacin da wuta ta zo. Aikin ya yi kama da na tela da ke gwada riga a jikin mai ita, domin jikin ne ke ba da awo, ba a kuma rage kafaɗa don hannun riga ya yi daidai.

A cikin wannan aikin akwai iyakoki guda biyu da kowane mai saiti yake cin karo da su tun daren farko, kuma su ne ƙofar tambayar falsafa. Na farko shi ne majigi ba ya iya harba baƙi. Abin da ido ke gani baƙi a cikin hoton wuri ne kawai da majigin ya rage wa haske iyakar iyawarsa, don haka duhun hoton ba zai taɓa wuce duhun wurin ba, shi ya sa hoton ke dusashewa idan aka kunna fitilar ɗaki, da rana kuma ya ɓace. Na biyu shi ne launin da ake gani haɗin gwiwa ne tsakanin hasken da ya zo da bangon da ya karɓa: jan haske a kan koren bango duhu yake bayarwa, domin bangon yana shanye ja ne ya mayar da kore. Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitab al-Manazir a Alƙahira tsakanin 1011 da 1021 ko kusa da haka, ya riga ya kafa harshen da za a bayyana wannan da shi. Ya rushe ra'ayin da ke cewa gani yana faruwa ne ta hanyar haske da ke fita daga ido, ya tabbatar da cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, sannan ya raba haske gida biyu: na zati, wanda ke fita daga abin da ke da haske a kansa kamar rana da wuta, da na aro, wanda ke fita daga jikin da wani ya haskaka. Bangon da aka lulluɓe da haske misali ne tsantsa na kashi na biyu.

Abin da ya fi wannan muhimmanci a koyarwar Ibn al-Haisam shi ne cewa ido shi kaɗai haske da launi kawai yake riska, sauran siffofi kamar nisa da girma da kauri da motsi kuwa hankali ne ke hukunta su cikin gaggawa, ta hanyar kwatanta abin da ya gani da abin da ya saba gani, har mutum bai san ya yi wani hukunci ba. Ya keɓe littafi na uku na aikin nasa ga kurakuran gani. Lulluɓin haske yana rayuwa ne a kan wannan gaggawar: idan aka zana inuwar ƙarya a gefen tubali, hankali yakan yanke cewa tubalin ya turo kai waje, alhali ido bai yi ƙarya ba, domin duhun da ya gani yana wurin da gaske. Wannan ne ma dalilin da ya sa irin wannan ruɗin kauri yake cika daga waje ɗaya kawai, wanda ya koma gefe sai ya ga hoton ya baje. Imam al-Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki irin wannan lura ya kai ta wani matsayi a Mishkat al-Anwar, littafinsa kan ayar haske ta Suratun Nur, inda ya lissafa naƙasu 7 na ido, daga ciki har da cewa yana ganin waninsa ba ya ganin kansa, yana ganin zahiri ba ya ganin baɗini, yana ganin babba ƙarami, mai motsi kuma a tsaye. Ya kammala da cewa duk wani haske na halitta aro ne, kuma danganta abin aro ga wanda ya ara magana ce ta majazi. Ɗalibin tauhidi da ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi zai kuma tuna da rarrabewar malaman Ash'ariyya tsakanin jauhari, wato jikin da ke cike wuri, da arali, wato siffar da ke hawa kansa kamar launi da motsi, tare da maganarsu cewa arali ba ya wanzuwa lokuta biyu, ana sabunta shi ne. Hoton da majigi ke sabuntawa sau 30 ko 60 a daƙiƙa guda yana kusantar da wannan ma'ana ga fahimta fiye da kowane misali na da. Sai dai wajibi ne a tsayar da kwatancen a nan, domin bango yana tsaye ko an kashe majigi, alhali a aƙidar jauharin ma mabuƙaci ne, kuma majigi jiki ne da ke da wuri da fuskanta, abubuwan da aka tsarkake Mahalicci daga gare su.

Tambayar fiƙihu ta fi wannan tsanani saboda tana neman amsar da za a yi aiki da ita. Hadisan da suka zo a Bukhari da Muslim sun yi gargaɗi mai ƙarfi ga masu yin sura, sun ambaci cewa za a nemi su busa rai a abin da suka yi ranar alƙiyama, sun kuma kawo labarin labulen Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, mai ɗauke da hotuna, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi, har aka yanka shi aka yi matasan kai. Imam al-Nawawi, a sharhinsa na Muslim, ya tafi a kan cewa haramcin yin surar mai rai ya game wadda ke da inuwa da wadda ba ta da ita. Malaman Malikiyya, waɗanda littattafansu ne tushen karatun zaure a ƙasar Hausa, sun bi wata hanya da Shehu Dardir, wanda ya rasu a 1786, ya taƙaita a sharhinsa na Mukhtasar Khalil a babin walima. A wajensu haramci yana tabbata ne idan surar ta mai rai ce, gaɓoɓinta sun cika, kuma tana da inuwa, wato tana da kaurin da zai tare haske. Wadda ba ta da inuwa, kamar zane a takarda ko bango, makaruhi ce idan an ɗaukaka ta, idan kuwa a wurin wulaƙanci take kamar shimfiɗa to barinta ne kawai ya fi. Sun yi saɓani kan surar da ba ta daɗewa, kamar wadda aka yi da ƙullu ko ɓawon kankana, kuma sun keɓe 'yar tsana ta wasan yara mata. Da kyamara ta bayyana, Shehu Muhammad Bakhit al-Muti'i, wanda ya riƙe muftin Masar daga 1914, ya rubuta risala yana halatta hotonta da hujjar cewa tsare inuwa ne kawai, kamar abin da madubi ke nunawa amma an hana shi gushewa. A zamanin bidiyo kuma Shehu Ibn Usaimin ya ga cewa abin da ke cikin kaset bai shiga hukuncin sura ba saboda babu siffa tabbatacciya da ake gani a jikinsa, ko da yake wasu malamai sun fi shi tsanantawa.

Idan aka ɗora hoton majigi na allo a kan waɗannan ma'aunai zai fito da sauƙi, domin ba shi da inuwa, ba ya daɗewa, kuma mafi yawansa ɗauka ce daga abin da yake akwai. Wahalar tana bayyana ne idan aka koma ga kawunan Disneyland, waɗanda a yau ɗalibi mai Raspberry Pi da ƙaramin majigi zai iya yin irinsu a ɗakinsa. A nan akwai jiki mai inuwa wanda za a iya barinsa sumul, babu ido babu baki, har ya gaza cika sharaɗin cikar gaɓoɓi, akwai kuma fuska mai ido da baki wadda haske ce zalla, ba ta da inuwa kuma tana gushewa da ɗauke wuta. Kowane rabi idan aka auna shi shi kaɗai yana iya tsallake haramci, amma haɗuwarsu tana samar da abin da ya fi kowane gunki kusa da mai rai, tun da yana ƙifta ido, yana magana, yana kuma da kaurin da za a zagaya. Malamai sun ambaci dalilai biyu na hanin: kwaikwayon halittar Allah, da toshe hanyar girmamawar da ke kai wa ga bauta, kamar yadda Ibn Abbas ya bayyana game da mutanen Annabi Nuhu, waɗanda suka kafa siffofin salihan bayinsu don tunawa, jikoki suka zo suka bauta musu. Dukkan dalilan biyu sun fi ƙarfi a haɗaɗɗen abin fiye da yadda suke a sassaƙa marar motsi. Inuwa a maganar Dardir alama ce da aka kafa don gane surar da ta fi kama da jiki, a zamanin da kauri da siffa ba sa rabuwa, kuma riƙe alamar bayan an raba su tare da sakin abin da take nunawa zai zama dabarar kauce wa hukunci. Mazhabar Malik ita ce mafi nisa daga yarda da irin wannan dabarar. A babin cinikin ajali ta hana mutum ya sayar da kaya bashi da tsada sannan ya saye su hannu da hannu da araha, ko da yake kowane ciniki daga biyun halal ne shi kaɗai, saboda sakamakonsu riba ce. Wannan ƙa'idar ce ta fi dacewa a yi aiki da ita a nan: abin da mai kallo ke fuskanta shi ake hukuntawa, kuma idan cikakkiyar siffar mai rai ce mai kauri to ta ɗauki hukuncin mai inuwa, musamman idan siffar wani shugaba ne ko shehi da aka kafa don a tsaya gabanta cikin girmamawa.

Wannan tsanantawar ba ta shafi mafi yawan abin da ake yi da fasahar ba, kuma kuskure ne a faɗaɗa ta har ta haɗiye halal. A 2011, a bikin cikar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa shekara 40, an lulluɓe masallacin Shehu Zayed na Abu Dhabi da zanen furanni da siffofin lissafi irin na ginin kansa, wanda babu mai ce masa sura. Haka nan taswira, da rubutu, da bayanin sassan inji ko tsarin ƙasa ga ɗalibai. Abin da ke buƙatar kula a irin wannan ya fi karkata ga ladabi: idan ayar Alƙur'ani aka harba, hasken da ya zarce bango zai faɗa ƙasa inda ake takawa, ko ya hau jikin masu wucewa, ko ya sauka kan wurin da bai dace ba, kuma maganinsa yana cikin manhajar, wato rufe duk abin da ya wuce iyakar fili da baƙi da ɗaga majigin sama da kawunan mutane. Akwai kuma misalin da ke tsakiya, wanda ba a gaggauta masa hukunci. A watan Maris na 2001 Taliban suka rusa manyan gumakan Buddha biyu na Bamiyan a Afganistan, mai tsawon mita 55 da mai mita 38, duk da tawagar malamai da ta je Kandahar neman a dakata, cikinsu har da Shehu Yusuf al-Ƙardawi da muftin Masar na lokacin, Nasr Farid Wasil. A watan Yuni na 2015 wasu ma'aurata 'yan ƙasar Sin suka harba siffar babban gunkin da haske a cikin ramin dutsen da ya bari. A nan babu jikin da fuskar za ta hau, masu kallon mazauna kwarin ne Musulmi, kuma abin da aka nufa shi ne tuna wani abin tarihi da ya salwanta, don haka ma'aunin da ya tsananta a kan kai mai magana shi ne yake sassautawa a nan.

Bayan mas'alar sura akwai mas'alar gaskiya, wadda ta shafi Musulmi da wanda ba Musulmi ba: ko halal ne a nuna wa mutum bango a yanayin da bangon ba ya ciki. Aflatun, a littafi na bakwai na Jamhuriya, ya kawo misalin fursunonin kogo da ke kallon inuwoyi a bango suna ɗaukarsu su ne haƙiƙa, kuma musibarsu ita ce an ɗaure wuyansu ba sa iya juyawa su ga wutar da ke bayansu. Masu wasan inuwa na Alƙahira, waɗanda likitan ido Ibn Daniyal, wanda ya rasu a 1310, ya rubuta wa wasanni 3, suna nuna inuwa su ma, amma masu kallonsu sun san akwai fitila da mai riƙe da sanduna a bayan labule, shi ya sa mawaƙin sufaye Ibn al-Farid ya iya ɗaukar wannan wasan misalin da ke shiryar da hankali zuwa ga mai aiki guda a bayan ayyuka masu yawa. Abin da ya raba kogon da labulen shi ne ilimin mai kallo game da tushen abin da yake gani.

Masu gyaran kayan tarihi sun fuskanci wannan tambaya a aikace. Lokacin da ake wanke ƙofofin babbar majami'ar Amiens ta Faransa a shekarun 1990 an gano ragowar launukan da aka shafa wa sassaƙe-sassaƙenta a ƙarni na 13, kuma maimakon a sake shafa fenti a kan dutsen, tun 1999 ake mayar da launukan da haske da dare, da safe dutsen ya koma yadda zamani ya bar shi. A majami'ar Sant Climent ta ƙauyen Taüll a yankin Kataloniya, wadda aka keɓe a 1123, an ɓamɓare zanen bangon aka kai gidan tarihi na Basalona tsakanin 1919 da 1923, tun 2013 kuma ake harba shi kan asalin bangon, inda ragowar tsohon fentin ke nan a ƙarƙashin hasken. Misalin da ya fi kowanne bayyana mas'alar shi ne na zanen Mark Rothko da aka rataye a wani ɗakin cin abinci na Jami'ar Harvard a farkon shekarun 1960, wanda hasken rana ya cinye jan launinsa har aka sauke shi a 1979. A 2014 aka lissafa, ɗigo bayan ɗigo, bambancin da ke tsakanin launin da ya rage da launin asali, aka harba wannan bambancin kaɗai a kan zanen, sai ido ya ga abin da mai zanen ya gani, ba tare da an ɗiga wa zanen komai ba. Masu gidan tarihin jami'ar sun riƙa kashe majigin da ƙarfe 4 na yamma kowace rana, mutane na taruwa don ganin launin ya janye ya bar abin da ke wurin. Wannan kashewar ita ce ta fitar da aikin daga algus, domin shari'a ba ta hana ƙawata kaya ba, ɓoye aibinsu ga wanda hukuncinsa ya dogara da saninsa ta hana, kamar yadda ya zo a labarin mai sayar da abincin da ya sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama. Wanda ya lulluɓe tsagaggen bangon gidan da yake son sayarwa da haske mai kyau ya faɗa cikin wannan hani, ko da kuwa babu surar mai rai ko ɗaya a hoton.

Kwamfuta mai falle ɗaya ta ƙara wa lamarin wata fuska, domin ita ce ta sa ake iya barin hoton yana gudana watanni babu mutum a kusa, tana maƙale a bayan majigi, tana tashi da kanta tana maimaitawa. Hannaye uku ne suka taru a aikin: wanda ya rubuta manhajar, wanda ya shirya bidiyon, da wanda ya yi saiti. Marubucin manhaja matsayinsa na mai ƙera alƙalami ne, tun da kayansa na karɓar taswira kamar yadda suke karɓar fuska. Mai bidiyo yana ɗaukar nauyin abin da ya ɗauka ko ya zana. Amma wanda ya ja kusurwa da linzami har idon haske ya zauna a gurbin ido na sassaƙa shi ne ya haɗa siffa da jiki, a hannunsa surar ta cika, kuma tafiyarsa gida ba ta ɗauke masa nauyin abin da ya bari yana gudana, kamar yadda malamai suka ɗora lamuni kan wanda ya haƙa rijiya a hanyar mutane ko da ba ya nan lokacin da aka faɗa. A hannunsa ne kuma jadawalin kashewa yake, ko don a bar mutane su ga bangon yadda yake, ko don kada hoto mai motsi ya shagaltar da masu salla a harabar masallaci, kuma layi ɗaya a cikin tsarin kwamfutar ya isa ya tsayar da manhajar a sa'ar da aka zaɓa. Sai dai samfuran Raspberry Pi har zuwa na 4 ba su da agogon da ke ci gaba da tafiya idan wuta ta ɗauke, daga intanet suke karɓar lokaci, sai na 5 da ya fito a 2023 ya zo da nasa agogon mai buƙatar ƙaramin batir. Wanda ya kafa tsohon samfuri a wurin da babu intanet kuma wuta na yawan ɗaukewa dole ne ya ƙara masa agogon waje, in ba haka ba jadawalin zai riƙa kunnawa da kashewa a lokacin da ba shi aka nufa ba.